Huɗar Ƙarshe ta Baba Dawuda

"Juyo mana, Baba. Ka kai layin. Saura ka juyo ka koma kujera."

Baba Dawuda bai juyo ba. Ya tsaya ƙyam a kan jan layin da aka shata da fenti a simintin ɗakin gashin ƙashi na asibiti, ƙafafunsa a haɗe kamar an liƙe su da ƙaro, hannunsa na dama yana karkarwa a gefen cinya. Gwiwoyin na motsi, amma tafin ƙafa ya ƙi barin ƙasa. Saloma ta saci kallon agogon awo da ke hannunta. Sakan arba'in, kuma rabin tafiya ke nan.

"Likita," in ji tsohon, muryarsa can ƙasa, "daɓen nan naku ya kama ni."

"Ni ba likita ba ce, Baba. Na sha gaya maka."

"To ke mai agogo, ce masa ya sake ni."

Gwajin ba wani abu ba ne mai wuya. Mutum ya tashi daga kujera, ya taka mita uku, ya juyo, ya dawo ya zauna, a duba sakan nawa ya ci. Tsohon da ke da sauran ƙarfi yakan gama a cikin sha biyu. Wanda ya haura talatin, an san ba a barinsa ya je bayan gida shi kaɗai. Saloma ta auna tsofaffi sun fi ɗari a kan layin nan tun da aka ɗauke ta daga shara aka kawo ta sashen gashi, amma yau ne karon farko da ta auna mutumin da danga ɗaya ce tsakanin gidanta da nasa.

Jikin tsohon ya fara rinjaya gaba. Maikel, ɗan ƙanensa, wanda ya goyo shi a babur tun da safe, ya zabura ya tare shi a ƙirji, ya ja shi a hankali har kujera.

"Mi agogo yac ce, Inna Saloma?" in ji Malam Lukuman, jami'in gashi, mutumin Argungu da ke zuwa Zuru sau biyu a wata.

"Saba'in da ɗaya. Kuma an riƙe shi."

"Rubuta hakanan."

Ta rubuta. Saloma sai da ta haura arba'in, bayan mijinta soja ya rasu, sannan ta zauna a ajin yaƙi da jahilci na coci ta koyi riƙon biro, shi ya sa har yau ba ta rubuta lamba da gaggawa. Ta zana bakwai, ta zana ɗaya, ta sa alama a akwatin ƙarshe na takardar, wanda ke cewa majinyaci ba ya iya tafiya sai da mai riƙe shi. Malam Lukuman ya sa hannu, ya ce ciwon karkarwa ne, ba ya warkewa, sai dai a ci gaba da ƙwayar da yake sha. Maikel ya roƙi kwafi don 'yan gida su san halin da ake ciki. Ita ta miƙa masa da hannunta.

Ranar Lahadi bayan an taso coci, tana tsintar wake a inuwar ɗaki, sai ga Keziya ta shigo ko ɗankwalin coci ba ta cire ba. Keziya surukar Baba Dawuda ce. Mijinta, ɗansa tilo, ya tafi Saliyo cikin kaki bai dawo ba, ya bar ta da 'ya'ya mata biyu da tsohon.

"Yaya Saloma, me kika rubuta a takardar nan?"

"Abin da agogo ya nuna."

"To agogonki ya cinye mana gona."

Ta zauna a kan turmin da aka kife, ta warware mata zancen. Gidan su Baba Dawuda suna da tasu ƙa'ida tun kakanni. Gonar gida ta wanda yake huɗarta ce. In mutum ya ji ƙarfi ya ƙare, yakan je gonar da ƙafarsa a ruwan shuka, ba goyo ba riƙo, ya yi huɗa da hannunsa a gaban dattawa, sannan ya miƙa garmar ga wanda ya zaɓa, magana ta ƙare. Wanda ciwo ya kayar kafin ya yi haka, gonar takan koma hannun babban gida, a ba namijin da ya fi kusa. Namijin da ya fi kusa kuwa Maikel ne.

"Tun bara na ce masa, Baba, yi abin nan tun kana takawa. Ya ce wai fatan mutuwa nake yi masa. Jiya Maikel ya kai wa Baba Ladan, babban gidan, takardar. Ga hatimin asibiti, ga rubutunki."

"Maikel ba mugu ba ne, Keziya."

"Ban ce mugu ne ba. Baki tara yake ciyarwa. Ni ma huɗu nake ciyarwa, kuma shekara biyar ni ke noman gonar nan, sunan ne kawai na Baba. In aka karɓe, da me zan riƙe yaran nan a makaranta? Da me zan dama wa tsohon kunu?"

Saloma ta ci gaba da tsintar wakenta. Ba za ta ce ta yi kuskure ba, don saba'in da ɗaya ta gani da idonta. Amma waken nan ta tsince shi sau biyu ba ta sani ba.

Kwana uku bayan haka aka yi yayyafi da asuba, ya jiƙa itacen girkin Keziya. Kafin ta tafi rijiya sai ta baje shi a tsakar gida ya sha iska, ɗaya bayan ɗaya, a jere. Saloma na shanya kayan aikinta a kan danga, Baba Dawuda na zaune a ƙofar ɗakinsa ya gama shan kunu da magani. Sai ga akuyar maƙwabta ta miƙe da ƙafa biyu tana fizgar zangarniyar irin dawa da aka rataya a jikin rumbu.

"Kai! Kai, ɗiyar banza!"

Tsohon ya dafa bango ya miƙe. Kafin Saloma ta ce ya zauna, ya riga ya motsa. Ya ɗaga ƙafa ya tsallake itacen farko. Ya tsallake na biyu. Na uku, na huɗu, taku manya manya, irin na mutumin da ke ratsa gona. Bakwai ta ƙirga. Da itacen ya ƙare, ya shiga inda aka share ƙal, sai ƙafafun suka sake haɗewa, ya tsaya yana rawa a wuri ɗaya, akuyar na cin irinta a gabansa.

Ta zagaya da gudu, ta kori akuyar, ta zaunar da shi.

"Baba, yaya aka yi ka taka?"

"Na taka ne?"

"Taku bakwai."

Ya dubi itacen, ya dubi ƙafarsa. "Abu ne a gabana, na tsallake. In babu abin tsallakewa, ƙafar ba ta san inda za ta ba."

Ranar, da ta je aiki, ta ɗauki igiya ta auna tsawon layin ɗakin gashi ta ƙulle. Washegari ta kawo farar kujerar roba daga ɗakinta, da agogon hannun marigayi mijinta mai sandar sakan, da littafin rubutu na 'yan firamare. Ta shimfiɗa igiyar a tsakar gidan Baba Dawuda, ta shata layi da gawayi. Ta gwada shi a ƙasa sharariya: sittin da shida, sai da Keziya ta riƙe shi. Ta bar shi ya huta, ta jera karan dawa shida a gicciye, ta baza uku kamar mafici a wurin juyawa.

"Tashi, Baba."

Ya tashi, ya je, ya juyo, ya dawo, ya zauna daɓas.

"Nawa, Likita?"

Ta sake duban agogon don kada ido ya yaudare ta. "Ashirin da ɗaya."

"Na ci ko na faɗi?"

"Ba jarrabawa ba ce."

"Ƙarya kike. Duk abin da aka riƙe wa agogo jarrabawa ne."

Mako guda tana auna shi, safe da rana da yamma, kafin ta tafi aiki da bayan ta dawo. Sai ta lura da wani abu kuma. Lambar ta fi kyau kamar awa ɗaya bayan ya sha ƙwayar safe. Da rana ta take, ko da kara sai ya haura arba'in. Ta tuna ranar asibiti: tun bakwai yake kan benci yana jiran layi, sai sha biyu saura aka shigo da shi, cikinsa babu komai.

Da Malam Lukuman ya dawo, ta jira har majinyata suka watse, ta ajiye masa littafin a kan tebur. Ya daɗe yana juya shafukan.

"Wanga abu sananne na, Inna. Yana cikin littattafanmu. Masu wanga ciwo in an ba idonsu abin tsallakewa, ƙafa takan bi. Ni ne ban kawo shi a rai ba rannan, ga mutane cike da benci." Ya rufe littafin. "To mi kike so?"

"A sake takarda."

"Ta farko ba ƙarya ba ce."

"Ban ce ƙarya ba ce, Malam. Na ce ba ta cika ba. Mun auna shi a daɓen da ba irinsa a gidansa, a lokacin da magani ya sake shi, muka ce ga yadda yake. Yanzu da ita za a karɓe gonar da ke ciyar da shi."

Ya tambayi nisan gonar. Ta ce ta taka da ƙafarta, taku ɗari uku da arba'in daga ƙofar gida. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Mita ukku daban, ɗari ukku daban. Kin ga ƙafafunsa sun fara kumbura? Zuciyar ma ta gaji. In ya faɗi a hanya, ba takarda za a zaga ba, ke za a zaga."

"Na sani."

"Kin sani, kuma kina nan tsaye."

"Ina nan."

Washegari da safe ya biyo ta a babur ɗinsa, ya tsaya a tsakar gidan da agogon asibiti ya auna da kansa. Ashirin da uku. Ya rubuta takarda ta biyu a kan cinyarsa: majinyaci yana iya tashi da tafiya shi kaɗai in an jera masa alama a ƙasa, da safe bayan magani. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya gani ba, ita ma ba ta roƙe shi ya ƙara ba.

Baba Ladan, babban gidan, ɗan wan mahaifin Baba Dawuda ne, kuma tare suka yi golmo, noman da samari ke yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba su mata. Ya musulunta tun yana soja, amma har yau in sun haɗu da Dawuda zagin ƙuruciya suke yi. Ya sa aka karanta masa takardun biyu, ya ce shi bai san wadda zai bi ba, tunda mutum ɗaya ya sa hannu a kansu. "Takarda ba ta huɗa. In an yi ruwan shuka, ya zo ya yi a gabana. In ya kasa, kada in ji bakin kowa."

Daga nan aka shiga aiki. Kullum ƙarfe bakwai Saloma na ƙofar gidan da damin kara a hammata. Taku ashirin, a dawo. Bayan kwana huɗu, hamsin. Ta gano in ya ƙirga da bakinsa ya fi tafiya, in aka gaishe shi ya amsa kuwa sai ƙafa ta tsaya, don haka ta bi gida gida ta roƙi matan layin su riƙe gaisuwarsu sai ya zauna. Ta gano kwana ce abokiyar gabarsa, kuma akwai kwana biyu a hanyar gona. Ta sa Keziya ta rage masa tsawon wando, ta yar da silifas ɗinsa ta ɗaure masa takalmin taya mai igiya.

Rana ta goma sha ɗaya, a taku na ɗari da ashirin, kara ɗaya ya mirgina a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya tafi gaba kamar buhu. Saloma ta tare kansa, amma gwiwa ta daki dutse ta fashe.

Maikel ya zo tana cikin wanke ciwon da ruwan gishiri. Bai ko kafe babur ɗin da kyau ba.

"Mama Saloma, ina ganin girmanki. Amma wannan ba jinya ba ce, kisa ne. Wa ke kai shi asibiti? Ni. Wa ke zuwa har Kontagora neman ƙwayar nan in ta yanke? Ni. Yanzu don gona za ku karya mini uba a kan titi, a ce ni na jawo?"

"Maikel," in ji tsohon, "gwiwar taka ce ko tawa?"

"Baba, ka bari. Ko na karɓa ai ba zan bar su da yunwa ba."

"Na sani. Za ka riƙa aiko musu da kwano. Ni ba kwano nake so in bar musu ba."

Maikel ya fita yana huci. Saloma ta gama ɗaure gwiwar, ta aiki Keziya ɗebo ruwa, sannan ta durƙusa a gaban tsohon.

"Baba, zan gaya maka yadda na gani, don kada ka ce na ɓoye maka. Mafi nisan da ka yi ɗari da ashirin. Gona ɗari uku da arba'in. Numfashinka na yankewa tun daga tamanin. Yana yiwuwa ka kai. Yana yiwuwa zuciyarka ta tsaya a hanya. Ban da agogon da zai gaya mini wanne ne."

Ya dube ta, hannun na ta kaɗawa a kan cinya.

"A kan gado fa, ba a mutuwa?"

"Ana yi."

"To gobe ƙarfe bakwai. Kuma ki riƙa tsaga karan nan biyu, kada ya sake mirginawa. Ke da kika yi makaranta sai na koya miki?"

Kafin ruwan shuka ya sauka ya kai ɗari biyu da sittin, da hutu uku a tsaye, dafe da sanda. Bai taɓa wuce nan ba.

Ruwan ya zo a ƙarshen watan Mayu, wata Juma'a da la'asar, kamar da bakin ƙwarya. Baba Ladan ya aiko cewa gobe ne. Saloma ta ƙirga karan da ke hannunta, ba su kai ɗari ba, kuma a wannan lokaci na shekara kowa ya ƙone nasa a murhu. Ta tsaya ta dubi dangar gidanta ta gefen titi, wadda ta biya aka yi mata bayan girbi. Ta ɗauko wuƙa ta yanke igiyoyin. Har magariba ita da Keziya suna zare kara suna tsagawa, masu wucewa na kallon tukwanenta da gadonta na waje.

Da gari ya waye hanyar gona ta zama kamar tsani kwance a ƙasa. Ƙarfe shida ya sha kunu da ƙwaya. Ƙarfe bakwai Baba Ladan ya iso da dattawa biyu, da carbi a hannu. Maikel na bayansu.

"Baba Ladan, wannan ai taimako ne," in ji Maikel, yana nuna hanyar. "An ce da ƙafarsa."

Baba Ladan ya sunkuya ya ɗauki tsagin kara ɗaya, ya juya shi, ya mayar inda yake. "Wannan ne zai goye shi? In kara na ɗaukar mutum, a jera mini har Makka." Ya juya wajen ɗan'uwansa. "Kai kuma raggo, tashi. Tun a golmo kai ne na baya."

"Na baya ne ya auri wadda ta ƙi ka," in ji Baba Dawuda.

"Baba, bar magana," in ji Saloma. "Ƙirga."

Ya tashi. "Ɗaya. Biyu. Uku."

Ta bi gefensa na dama, hannuwanta a bayanta ta harɗe su don kada su yi abin da suka saba. Matan layin sun fito ƙofa ƙofa, babu wadda ta ce uffan. A tamanin ya tsaya, ta ƙirga masa numfashi goma. Kwanar farko ya ci ta. A ɗari da saba'in ya sake tsayawa, gumi ya jiƙa bayan rigarsa, leɓensa ya yi fari. Ya wuce ɗari biyu da sittin, daga nan kuwa ba ta da lamba a littafi.

Kwana ta biyu tana bayan wani ɗan kwalbati, inda hanyar ta haɗu da ta masu zuwa kasuwa. Wani mai babur da buhun gawayi ya riga su ratsawa, ya watsar da karan wurin cikin kwata. Tsawon tabarma biyu babu komai sai laka mai santsi. Saloma ta hango, ta waiga neman Keziya da sauran karan, Keziya na can baya. Tsohon ya riga ya iso. Ƙirgar ta tsaya a bakinsa. Ƙafafun suka haɗe, gwiwoyi na kaɗawa, ƙirji na rinjaya gaba a hankali. Hannuwa suka miƙo ta ko'ina.

"Kada wanda ya taɓa shi!" Saloma ita kanta ba ta san tana da murya irin wannan ba.

"Zai faɗi!" in ji Maikel. "Wallahi zai faɗi a kan siminti!"

Ya yi tsalle ya sha gabansa, hannu a buɗe zai rungume shi. Tsohon ya ɗago ido ya dube shi. Maikel ya tsaya da hannun a sama. Sai ya yi tsaki, ya mayar da hannun baya, ya miƙa ƙafarsa ɗaya a gicciye a gaban tsohon.

"Tsallake, Baba. Tsallake mana, ka kashe ni ka huta."

Baba Dawuda ya tsallake takalmin Maikel. Maikel ya matsa ya sake miƙawa. Ya tsallake. Sau biyar, har suka kai inda kara ya ci gaba. Maikel ya koma gefe yana goge fuska da hula.

A bakin gona karan ya ƙare, kuma ba a buƙace shi ba. Kunyoyin bara na nan kwance, ruwa ya lallashe su amma ba su ɓace ba. Tsohon ya yar da sanda, ya shiga yana tsallake su ɗaya ɗaya kamar wanda ya dawo gida. Keziya ta ajiye garmar a ƙasa a gabansa, ba ta miƙa masa ba. Ya sunkuya ya ɗauka. Da hannun ya kama ƙota, karkarwar ta lafa.

Ya kafa, ya ja, ya kifa ƙasa. Ya kafa, ya ja. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso. Kunya ɗaya, ba ta fi tsawon mutum biyu ba. Ta biyu ta karkace. A ta uku numfashinsa ya koma kamar zuga, Saloma na jin sa daga inda take.

"Ya isa, Dawuda," in ji Baba Ladan, kuma wannan karon babu zolaya a muryarsa. "Mun gani."

Tsohon ya miƙe iyakar yadda bayansa ya yarda. "Keziya."

Ta zo ta durƙusa.

"Tashi. Ba a karɓar garma a durƙushe." Ya ɗora mata ƙotar a hannu biyu. "Ladan, ka ji. Ku ma kun ji. Gonar nan tata ce da 'ya'yan ɗana, daga kan tsamiya har bakin rafi. Maikel, ka ji?"

"Na ji, Baba."

"To zo ka ɗauke ni. Yanzu goyo ya halatta."

Bai sake taka hanyar ba. Saloma ta ci gaba da zuwa da safe da kujerarta da karanta, don ya ce kada ta daina. Ashirin da takwas. Talatin da biyar. Kumburin ya hau har gwiwa, ya koma kwana a jingine. Malam Lukuman ya zo ya duba shi, ya ƙara magani, ya ja Saloma gefe ya ce a bar shi ya ci abin da ransa ke so. Wata safiya a cikin Yuli ta ce, "Tashi, Baba," ya dafa hannun kujera, ya yunƙura sau uku, ya koma.

"Nawa yau, Likita?"

"Yau ban duba ba."

"Kin kyauta."

Ranar da zai tafi Asabar ce, ba ta da aiki. Keziya ta fita noma tun da sassafe, ta bar mata shi. Ta fito da shi ƙofar ɗaki ya sha hantsi, ta zauna kusa tana ɓarar gyaɗa. Ya karɓi cokali biyu na kunu, ya kau da kai.

"Dawar ta kai ina?"

Ta tashi tsaye ta nuna masa a ƙafarta, ɗan sama da gwiwa.

"Ta Maikel fa?"

"Ba ta kai nan ba."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta fito ba. "Gaya wa Keziya ta ba shi iri baɗi. Nasa ba shi da kyau."

Ya lumshe ido. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗa. Sai can ta ga hannun daman nan, wanda shekara shida bai huta ba, ya kwanta shiru a kan cinyarsa. Ta ajiye kwanon, ta taɓa wuyansa da yatsu biyu yadda aka koya mata, ta daɗe. Sannan ta gyara masa wuyan riga, ta rufe masa baki, ta fita neman mai zuwa gona.

An binne shi ranar Talata. Baba Ladan ya tsaya a bayan masu waƙar coci da carbinsa har aka gama mayar da ƙasa.

Bayan mako biyu Keziya ta koma gona, don ciyawa ba ta san makoki ba. Saloma ta kai mata ruwa da rana. Dawar ta rufe gonar har ba a hango mai noman, sai motsin ganye da ƙarar fartanya can wajen tsamiya. Saloma ta ajiye tulun a bakin gona ta zauna jira. A gabanta kunyoyi uku ne gajeru, ta tsakiyar a karkace, ba su kai sauran tudu ba. Ruwan jiya ya kwanta a tsakaninsu, wata 'yar tsuntsuwa na sha.